Ranar Gwajin Anti

A tsohon ofishin da suka fara aiki tare, ita ce ta koya masa kusan komai. Ya zo da takardar gama makaranta da kai cike da karatu, amma bai taɓa haɗa manhaja da rumbun bayanai na gaske ba, irin wanda in ka yi kuskure a kansa wayar ofis za ta fara ruri. Ita ta jawo kujera kusa da tasa ta nuna masa: ga inda ake sa adireshin saba, babbar kwamfutar da rumbun yake ciki, ga lambar ƙofa, ga sunan shiga da kalmar sirri, ga kuma direba, ɗan fayil ɗin nan da yake yi wa manhaja tafinta tsakaninta da rumbun. Shi ne ƙarami a ɗakin, sai ta laƙaba masa Auta, sunan kuwa ya bi shi. Shi da sauran duk Anti suke ce mata.

Anti ta wancan lokacin ba ta iya shiru ba. In abu ya ƙi, miƙewa take yi ta dafa tebur ta tambayi ɗakin gaba ɗaya wa ya taɓa mata saba. Kafin ta zauna mai laifi ya fito da kansa yana sosa ƙeya.

Sai mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Anti ta ɗauki hutu, hutun ya ƙare ta nemi ƙari, daga baya ta ajiye aikin ta ɗauko tsohuwar ta dawo da ita gidanta. Shekaru suka yi ta tafiya tana juya ta a gado, tana ba ta abinci a baki, tana kai ta asibiti tana dawo da ita. Shi kuwa Auta ya koma wani kamfani, gashinsa ya fara ja baya, har ya zama shugaban masu rubuta manhaja a can. Ana gaisawa ta waya jefi-jefi. Da tsohuwar ta rasu ya je ya yi mata gaisuwa.

Bayan 'yan watanni ta kira shi.

"Auta. Ko yanzu ba a ce maka haka?"

"A wurinki kam har abada, Anti."

Ta ɗan yi dariya, sannan ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, kafin ta iso wurin da za ta. Tana so ta koma aiki. Zaman gidan ya yi mata faɗi tunda ɗakin tsohuwar ya zama babu kowa. Ko akwai wani gurbi a wajensu?

Akwai guda ɗaya. Auta ya shiga wurin mai kamfanin ya ce masa wannan matar ita ta koya masa aiki, ba ta buƙatar gwaji. Mai kamfanin mutum ne mai fara'a amma ba ya tanƙwara doka. Ya ce kowa sai ya yi yini guda a ofis an ga hannunsa, ko da uwar da ta haife shi ce. Akwai wani saurayi ma da yake neman gurbin, zai yi nasa ranar Laraba, ita ta zo Alhamis. Kuma a ranar zai yanke magana, domin sabon aiki yana jiransu a makon gaba.

Ranar Alhamis da safe Anti tana gaban madubi tana gyara ɗaurin ɗankwali, mijinta, wanda malamin makaranta ne, yana zaune a bakin gado yana ɗaure takalmi.

"Me za su sa ki yi?" ya tambaya.

"Ƙaramin abu ne. In sa direba, in haɗa da rumbu, in rubuta musu 'yan tambayoyi."

"Direba kuma? Ke da ko keke ba ki iya ba?"

"Baban yara, tun kafin mu yi aure kake wannan tsokanar, har yau ba ta yi daɗi ba."

"To Allah ya ba da sa'a. In direban ya ƙi tuƙi ki kira ni."

Ofishin bai yi kama da wanda ta sani ba. Ɗaki ne guda mai faɗi, tebura a jere, kowa da abin ji a kunne, ba ka jin komai sai ƙarar maɓallai da ta na'urar sanyaya ɗaki. Ta lura mutum biyu da suke zaune kafaɗa da kafaɗa ma rubuta wa juna saƙo suke yi maimakon su juya su yi magana. Auta ya fito daga ɗan ɗakinsa mai bangon gilashi ya tarbe ta, ya rusuna ya gaishe ta a gaban yaransa, abin da ya sa wasu suka ɗago kai. Ya kai ta tebur kusa da taga. Laftof ɗin da saurayin nan ya yi gwaji da shi jiya wani ma'aikaci ya fita da shi wajen aiki, sai aka ɗauko mata sabo dal daga sito. Ya miƙa mata takardar aikin: a sama bayanan haɗi, a ƙasa bayanin teburan, wato jadawalan da ke cikin rumbun, da tambayoyin da ake so ta fitar da amsarsu.

"Na saman nan kafin shayinki ya huce kin gama," in ji shi. "In akwai wani abu, ga ni can."

Ta buɗe manhajar. Sunanta bai canza ba, amma an sauya wa komai wuri, kamar ka koma gidanku ka tarar an mai da ɗakin girki falo. Ta ɗan yi lalube, ta gano inda ake ƙirƙirar sabon haɗi. Ta zaɓi irin rumbun, manhajar ta ce babu direba, ko a sauko da shi? Ta ce a sauko. A da sai ka je ka nemo fayil ɗin da kanka. Wannan ya burge ta. Ta rubuta adireshin saba, ta sa lambar ƙofa, ta sa suna da kalmar sirri, ta sake bin su harafi-harafi da yatsa a kan takarda. Sannan ta danna maɓallin gwada haɗi.

Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allo. Ya yi ta juyawa. Can sai jan rubutu ya fito: lokaci ya ƙure, saba bai amsa ba.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne abin da ta sani tun da daɗewa. In kalmar sirri ce ba daidai ba, saba yakan kore ka nan take. In direba ne bai dace ba, shi ma akan gaya maka. Amma ka yi sallama a yi maka shiru har ka gaji, wannan yawanci ba ka ma isa gidan ba ne, an tare ka a hanya. Ta ɗago kai za ta yi magana. Sai ta ga ɗakin. Babu wanda ya kai ta shekaru a cikinsu, kowa yana ta bugawa da sauri, allunansu cike da abubuwan da ba ta taɓa gani ba. Ta ce a ranta, shekarun nan da na yi ina wanke zannuwa, me na sani game da abin da ya canza? Wanda ya zo jiya ai da takardar nan ya yi, kuma ya shiga. In na miƙe na ce hanyarku a toshe take, aka zo aka danna abu ɗaya ya buɗe, ina zan sa fuskata? Ina Auta zai sa tasa?

Ta sunkuyar da kai ta koma kan direba. Ta cire wanda manhajar ta sauko da shi ta sa wanda ya girme shi. Zobe ya juya, jan rubutu ya fito. Ta je shafin masu rumbun ta sauko da mafi sabunta da hannunta, ta nuna wa manhajar inda ta ajiye shi. Haka dai. Ta kunna rufe bayanai a hanya, ta kashe. Ta bar akwatunan cikewa ta rubuta doguwar jimlar haɗin da kanta, kamar yadda ake yi a zamaninsu. Ta ƙara wa manhajar lokacin jira, abin da bai yi komai ba sai tsawaita juyin zoben. Duk haɗin da ta gwada sai ta ajiye shi da suna, don kada ta maimaita.

Yarinyar da ke kusa da ita ta zare abin kunnenta ta dube ta da murmushi.

"Mama, ko in kawo miki ruwa?"

"A'a, na gode, 'yata."

Yarinyar da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma babu wanda ya taɓa ce mata Mama a wurin aiki, kuma bayan wannan sai ta ji bakinta ya ƙara nauyi.

Daga bayan gilashi Auta yana hangen ta. Ba ya iya karanta allonta, amma ya san zaman mutumin da abu ya tsaya masa: wuya a miƙe, hannu ɗaya a haɓa. Ya miƙe har ya kama marfin ƙofa, sai ya tsaya. Ta yaya zai je ya tsaya a kanta a gaban yaran nan yana nuna mata inda ake dannawa, ita da ta nuna masa? Kuma ofis duk an san tasa ce. In ya zauna kusa da ita za a ce shi ya yi mata. Ya koma ya zauna. Ya gaya wa kansa Anti ce, in da matsala ai tuni ɗakin ya ji.

Da lokacin cin abinci ya yi, tebura suka yi fayau, ya fito ya nufe ta.

"Anti, komai lafiya?"

Kafin ya iso ta ɗan rage murfin laftof ɗin. Ya gani, ita ma ta san ya gani.

"Lafiya lau. Ina kan hanya."

"Ba za ki ci wani abu ba?"

"Sai na gama."

Ya ɗan tsaya da hannu a aljihu, sannan ya ce to, ya juya.

Da rana ta karkata ta haƙura da haɗin. Ta buɗe fayil ta zauna ta rubuta tambayoyin duka da yaren da rumbu yake ji, a makance, daga bayanin teburan da ke kan takarda, ba tare da rumbun da za ta gwada su a kai ba. Wannan ɓangaren hannunta bai manta ba, har ta ɗan ji daɗinsa. Amma ta san doka: wanda bai shiga ɗaki ba, ba a tambayarsa yadda ya share shi.

Da aka tashi ta ɗauki jakarta ta leƙa ɗakinsa.

"Auta, ban iya haɗawa ba. Hannun ya kwana biyu."

"Haba Anti, ai da kin yi magana."

"In na yi magana ai ya daina zama gwaji." Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Na gode da ka tuna da ni. Ka gai da iyali."

Ya raka ta har bakin matakala. Yana dawowa ya ci karo da mai kamfanin da makullin mota a hannu.

"Yaya mutuniyar taka, ta gama?"

"Ba ta gama ba. Amma ita ɗin..."

"Na jiya ya gama?"

"Ya gama."

"To ka ga ba ni na yanke ba." Ya dafa kafaɗarsa. Tun kafin ya kai mota ya kira saurayin ya gaya masa ya samu.

Ranar Litinin sabon ma'aikacin ya fara aiki, aka ba shi laftof ɗin da Anti ta yi amfani da shi. Ko zama bai gama yi ba ya taso ya ƙwanƙwasa gilashin Auta.

"Oga, injin nan ba ya isa saba. Ina jin ba a buɗe masa ba."

Aka kira mai kula da tsaron hanyoyin kamfanin, wani mai ƙiba da barkwanci da ake kira Sarkin Ƙofa, domin babu kwamfutar da ke isa rumbun sai wadda ya sa lambarta a cikin waɗanda aka yarda da su. Ya zo yana taunar biskit, ya duba.

"Wannan baƙo ne, ban san shi ba. Wa ya fito da shi daga sito bai gaya min ba?"

Auta ya dafe goshi. Shi da kansa ya sa aka fito da shi. Aika wa Sarkin Ƙofa lambar sabon inji aikinsa ne, saƙo ne na layi ɗaya, kuma a ɗokin tarbar Anti ranar nan ya sha'afa.

Sarkin Ƙofa ya koma teburinsa ya buɗe wa injin hanya. Auta ya ce wa saurayin ya ba shi laftof ɗin tukuna. Ya shiga da shi ɗakinsa ya rufe ƙofa. A gefen hagu na manhajar haɗe-haɗen da ta ajiye suna nan yadda ta bar su, da sunayen da ta ba su: na farko, tsohon direba, sabon direba, da hannu. Na can ƙasa ta sa masa "ko dai ni ce". Ya zaɓi na farko bai taɓa komai a cikinsa ba, ya danna gwaji. Zoben ko zagaye ɗaya bai yi ba kore ya fito. Ya ɗauko tambayoyin da ta rubuta ya tura su rumbun. Duk suka kawo amsa daidai, ban da guda ɗaya.

Ya ɗauki laftof ɗin ya kai wa mai kamfanin ya nuna masa. Mutumin ya cire tabarau ya murza ido, ya ce abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Amma yaron nan ya riga ya bar aikinsa na da saboda su, an sa hannu a takarda, ba laifin da ya yi. In wani gurbi ya samu, ita ce ta farko. Su duka biyun sun san ba nan kusa ba.

Ranar Asabar da la'asar Auta ya je gidanta. Mijin ne ya buɗe masa. A lungun shiga falo keken guragun tsohuwar yana nan a naɗe, an jingina shi da bango an ɗora masa kwali. Anti ta fito tana goge hannu, ta kawo masa shayi, ta zauna a hannun kujera. Ya ajiye kofin bai sha ba, ya gaya mata komai daga farko har ƙarshe, bai rage nasa ba.

Ta ɗago ta dube shi.

"Na farkon?" ta tambaya.

"Na farkon, Anti. Ko harafi ban canza ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na sani fa. Tun jan rubutun farko na sani. Har na buɗe baki."

"Ni ma har na kama ƙofa."

"Me ya hana ka?"

"Kunyarki."

"Ni kuma taka." Ta dubi tafin hannunta. "Ba ma taka kaɗai ba. Tsoro na ji, Auta. Ban san na zama mai tsoro ba sai ranar."

Mijin, wanda tun ɗazu yake tsaye a bakin ƙofa, ya girgiza kai. "Rashin tayi akan bar arha. Ku biyu, ɗaki ɗaya, yini guda." Ya so ya mai da abin wasa kamar yadda ya saba, amma da ya dubi fuskar matarsa sai ya fita tsakar gida.

Auta ya ce mai kamfanin ya yi alkawarin gurbi na gaba, shi kuma zai tambayi abokansa a wasu wuraren. Sai ta gaya masa ai ta riga ta karɓi wani aiki. Makarantar da baban yara yake koyarwa sun daɗe suna neman mai koya wa ɗalibai kwamfuta, sun yi ta roƙonta tana ja musu rai. Ranar Alhamis ɗin da ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba ta ce masa ya gaya musu ta yarda. Washegari ta je ta sa hannu na shekara guda.

"Zan koya musu buɗe fayil da rufe fayil," in ji ta. "Wannan dai ban manta ba."

"Anti, ki yafe min."

"Ai rabin laifin nawa ne, wa zai yafe min shi?" Ta tura masa kofin. "Sha shayinka."

Ya sha. Suka yi hirar mutanen tsohon ofis, wane ya yi ritaya, wance ta koma wani gari. Da ya tashi tafiya ta rako shi har bakin ƙofar gida. Ya buɗe mota ke nan ta kira shi.

"Ka ce tambaya ɗaya ba ta yi ba. Wacce?"

Ya gaya mata: wadda ake haɗa teburin kaya da na rassa, ta bar rassan da ba su da kaya a waje.

Ta tsaya tana kallon ƙasa, leɓunanta suna motsi kamar mai bitar karatu. "Haka ne," ta ce. "Da na gwada ta sau ɗaya da na gani."

Gurbin bai samu ba sai bayan shekara da watanni. A ranar da mai kamfanin ya ba shi izini Auta ya kira ta, bai yi wani kewaye ba, ya ce babu gwaji wannan karon, tebur yana jiran ta. Ta bayan muryarta yana jin hayaniyar yara da ƙarar kujeru, da alama ta fito daga aji ne ta amsa.

Ta ce ta gode. Ta ce ɗalibanta na ajin ƙarshe jarrabawa suke fuskanta, ba za ta bar su a tsakiyar ruwa ba, ga shi idanunta ma yanzu ba sa jure dogon kallon allo. Ya ce za su iya jira har a gama jarrabawar.

"Kada ku jira," in ji ta. "Da ranar nan ta yi kyau, da yanzu ina can muna faɗa da kai kan aiki. Ina tuna abin, ba na ce ba na tunawa ba. Amma na riga na zauna, Auta. Ka ba wani."

Wani yaro ya kira ta daga ciki. Ta ce masa tana zuwa, ta yi wa Auta sallama, ta kashe wayar.